Makin Jaruma

Shekara goma sha biyar ina yawo gida-gida ina yi wa 'ya'yan mutane tambayoyi goma. Kullum su ne dai goman nan, har na kai ko daga barci aka tashe ni zan karanto su ba tuntuɓe. Ofishinmu na bincike ne, a bayan jami'a, ɗaki uku da bayi ɗaya wanda ƙofarsa ba ta kulluwa tun ranar da na fara aiki. Abin da muke bincike a kai shi ne juriya. Bayan babbar ambaliyar da ta cinye unguwannin bakin kogi, Farfesa, shugaban ofishinmu, ya ɗebi yara ɗari uku da ruwa ya raba da gidajensu, wasu har da iyayensu, ya ce a riƙa binsu duk bayan shekara uku, a ga wa ya miƙe, wa ya durƙushe, kuma me ya sa. Su Farfesa suna cikin sanyin ofis suna zana layuka a kwamfuta, ni ina rana ina kashe takalma. Yaran suna ce min Anti Mai Tambaya, har waɗanda yanzu suka tara gemu.

Bana ne zagayen ƙarshe. Masu ɗaukar nauyin binciken suka ce kada a watse haka nan a bar yaran da na gode kawai. Duk wanda makinsa ya gaza ashirin da biyar cikin arba'in, za a haɗa shi da likitar ƙwaƙwalwa, ya yi shekara guda yana ganinta kyauta. Wanda ya haura kuwa, to madalla, Allah ya ƙara masa juriya. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za a rufe jerin sunayen.

Ranar Litinin na je wurin yarinya mai lamba tamanin da uku a jerinmu. Jaruma kowa yake ce mata, a gida da ofis, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina wa ya laƙaba mata ba. Tana shekara shida ruwa ya tafi da uwarta da ubanta rana ɗaya, ya bar ta da ƙannenta 'yan biyu suna jarirai, da wata goggonsu mai ciwon ƙafa. Yanzu shekararta ashirin da ɗaya, tela ce, tana da shagonta a jikin gidansu, ita ke riƙe da gidan gaba ɗaya. A duk zagaye ita ke zuwa ta ɗaya. Farfesa ba ya lacca ko'ina bai saka ta ba. Ba ya faɗin sunanta, ƙa'ida ta hana, sai dai ya haska layinta a allon majigi, layi miƙaƙƙe can sama, ya ce wa mutane ga abin da ɗan Adam zai iya.

Ina shiga shagon na san da matsala. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa fuskar ta faɗa, idanun sun zurma. Amma ba fuskar ce ta fara tsayar da ni ba, shagon ne. Babu komai a ƙasa. Yaduka, zare, dutsen guga, har kwandon shara, duk an rataye su ko an ɗora su a kan kanta sama da ƙuguna. Keken ɗinkin ma an ɗora ƙafafunsa a kan bulo bibbiyu, sai da ta ƙara matashi a kujera kafin ta kai. Bayan ƙofa ga wata jaka a ɗaure, a cike. A kan teburin yanka ga riga an ɗinka mata hannu ɗaya a juye, ita da ke ɗinkin da mata ke rububi.

Ta tarbe ni da fara'a kamar kullum, ta share min kujera, ta tambayi maigida da yara. Goggo na zaune daga ciki tana tsifar wani ɗinki. Na kunna kwamfutar hannu muka fara. Ina iya jure wahala idan ta zo? Sosai. Ina samun barci yadda ya kamata? Sosai. Muna kan ta biyar aka fara yayyafi, ɗan yayyafin da ko kaza ba zai kora ba. Yarinyar nan ta miƙe ta je bakin ƙofa ta tsaya tana kallon kwata. Hannunta na riƙe da ƙyauren, ƙyauren na kaɗawa. Daga nan inda take, ba ta ko juyo ba, na karanta mata ta bakwai: abin da ya wuce ba ya hana ni sukuni. Ta ce sosai.

Talatin da tara cikin arba'in, don kowane sosai maki huɗu ne. Kullum takan rage ɗaya, a tambayar ƙarshe, ina jin don kada a ce ta cika baki.

Da zan tafi Goggo ta dogara sandarta ta biyo ni waje. Ta ce tun da damina ta faɗi yarinyar ba ta kwanciya, a zaune take kwana da takalmi a ƙafa. Ta ce sau uku ke nan tana ɓata wa mutane yadi, masu kawo ɗinki sun fara janyewa. Ta ce ranar nan ta same ta tana wanke kofi ɗaya har ruwan bokiti ya ƙare. Na ce to Goggo, me ya hana ku faɗa tun tuni? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ni ce mai tambaya, kuma ita ba a taɓa tambayarta ba.

Na koma ofis na cika na yi fam. Mai kula da bayananmu wani siririn mutum ne da muke kira Ƙa'ida, domin ko gaishe shi ka yi sai ya duba ko lokacin gaisuwa ya yi. Na zayyana masa komai, bulo da jaka da ƙyaure. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo min da fuskar kwamfutarsa ya nuna min talatin da tara, kamar ba ni na kawo ta ba. Na ce ya saka ta a jerin. Ya ce jerin ba ya karɓar wanda ya haura ashirin da biyar. Na ce ya rage makin mana, wa zai sani? Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce zai yi kamar bai ji ba. Wallahi da ba don girman furfurata ba da na ɗora masa kwamfutar a ka.

Na wuce wurin Farfesa. Na same shi yana shirya jawabin taron rufe bincike, ga layin Jaruma nan a allonsa, ya ma canza masa launi zuwa ruwan zinare. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma irin mutanen kirkin nan ne da in gida na ci da wuta sai sun nemi takardar shaida. Ya ce ya ji damuwata, ya kuma yaba. Ya ce amma ma'aunin nan an gwada shi a ƙasashe da dama, idona kuwa ba a gwada shi ko'ina ba. Ya ce idan kowane mai tambaya zai saka wanda ya ba shi tausayi, to me aka yi shekara goma sha biyar ana yi? Na ce ranka ya daɗe, yarinyar da takalmi take kwana. Ya ce wannan ma wata dabara ce ta juriya, har ya jawo biro zai rubuta.

Ban san irin kallon da na yi masa ba, amma ya ajiye biron. Ya tambaya ko mu biyu ne kawai a wurin lokacin tambayoyin. Na ce Goggo na nan. Ya ce to shi ke nan, ƙa'ida ta ce a keɓe, saboda haka ina da damar maimaitawa sau ɗaya. Shekara goma sha biyar Goggo na zaune a wurin, ba wanda ya taɓa tambaya sai yau.

Ranar Laraba na je da kaina na ɗauko ta. Na kai ta ƙaramin ɗakinmu na baya inda muke jibge tsofaffin fayil, na rufe ƙofa, na kawo mata ruwa mai sanyi. Kafin mu fara na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce babu Goggo, babu 'yan biyu, ba mai ji sai ni. Na ce akwai likita, mace ce, mai hankali, kuma ba ta mahaukata ba ce kamar yadda mutane ke faɗa, ta masu gajiya ce. Na ce amma sai makin mutum ya yi ƙasa ake kai shi. Wannan kaɗai ya isa a kore ni, don ba a gaya wa wanda ake tambaya inda layin yake. Hannunka mai sanda dai na yi mata har sandar ta kusa tsokane mata ido. Ta ce ta gane, Anti.

Ina iya jure wahala idan ta zo? Sosai.

Na ɗago na kalle ta. Ta yi min murmushi. Na ce ta yi tunani dai, ba sauri muke ba. Na karanta ta biyu a hankali, ina jan kowace kalma: ina samun barci yadda ya kamata? Ta gyara zama, ta haɗa gwiwoyinta, ta ɗora hannuwa a kai, ta ce sosai. Haka muka tafi har goma. Talatin da tara.

Nan fa na fashe. Na kife kwamfutar a kan tebur na ce wai ke wace irin yarinya ce? Na ce na ga bulo, na ga jaka, Goggo ta gaya min komai, ni za ki mayar sakarya? Na ce na yi faɗa da Ƙa'ida, na yi wa Farfesa rashin kunya da girmana, duk a kanki, ke kuma kin zo kina min sosai, sosai, kamar aku. Na ce taurin kan nan naki ba jarumta ba ce, kashe kai ne. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan maimaita ba.

Ba ta yi fushi ba. Mamaki ne a fuskarta, irin na ɗalibin da ya ba da amsa daidai aka kuma ɗaga masa bulala.

“Anti, ai ke kika koya min,” ta ce.

Na ce na koya miki me?

“Ranar farko. A makarantar da aka tara mu bayan ruwa. Kika tambaye ni barci, na fara kuka. Kika share min fuska da gefen mayafinki, kika ce ni jaruma ce. Kika ce in na yi kuka takardar ta lalace, kuma ba za a bar ki ki sake zuwa wurina ba. Kika ce in ce sosai.”

Ta murza bakin kofin ruwan.

“Lokacin ba mai zuwa wurina ni kaɗai sai ke. Kowa 'yan biyu yake zuwa gani.”

Na so in ce ƙarya ne. Bakina har ya buɗe. Amma sai ga ajin nan ya dawo min, da tabarmi a jere da warin kayan da ba su bushe ba. Satina na biyu ke nan a aiki, ana gwada ni. Ƙa'idar ita ce in yaro ya yi kuka a tsaya, a rubuta ba a kammala ba. Na riga na tara irin waɗannan guda uku, shugabar ayarinmu ta lokacin kuma ta ja min kunne da safen nan cewa in na kawo ta huɗu in nemi wani aikin. Ga wata 'yar ficiciya a gabana ta fara shessheƙa a tambaya ta biyu. Ban tuna kalmomin da na faɗa ba, amma na tuna mayafin, shuɗi ne. Na tuna kuma na fito ina jin daɗin na iya lallashin yara. Ni na manta kafin sati ya zagayo, ita ta riƙe shekara goma sha biyar.

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Haushi kuma bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai kama in ba ni ba. Kwana uku ina zagin kwamfuta da Ƙa'ida da Farfesa da yarinya, ashe ɓarawon yana cikin rigata. Na ce mata to yanzu na janye, ta faɗi gaskiya, mu sake. Ta ce ita ba ta san yadda ake amsa su wani iri ba. Ko da ta sani ma, damar maimaitawa ɗaya ce, na kuma ƙone ta.

Na sa ta a mota ta tafi gida, na dawo na zauna gaban teburin Ƙa'ida. Ban yi masa tsawa ba, abin da ya sa ya tsorata ke nan. Na gaya masa abin da ta ce. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da littafin ƙa'idojin binciken, wanda na tabbata duk duniya shi kaɗai ya karance shi, ya buɗe wani shafi can wajen ƙarshe ya tura min. An rubuta cewa idan ta tabbata mai tambaya ya koya wa yaro amsa, za a soke duk makin yaron tun daga farko. Wanda aka soke makinsa kuwa ba shi da maki, saboda haka likita ce za ta duba shi da kanta ta yanke hukunci.

Na ce to me muke jira?

Ya sa yatsa a sakin layi na ƙasa. Sai mai tambayar ya rubuta da hannunsa ya sa hannu. Za a binciki duk takardun da ya taɓa cikawa. Za a kuma rubuta abin da ya yi a rahoton ƙarshe, wanda ake aika wa duk masu irin wannan aiki.

“Hajiya, ba wanda zai sake ɗaukarki aikin tambaya,” ya ce. “Ki kwana a kai tukuna.”

Ka ji mutum. Shekara da shekaru ina roƙonsa ya tausaya wa ɗan Adam, sai yau da ba na so ya tashi tausayi. Na ce ba ni takarda. Ya ce ba a rubutawa a farar takarda, akwai fom. Na ce to ba ni fom ɗin, don Allah, kafin in canza ra'ayi. Ya ba ni, ya kuma ba ni bironsa, wanda ba ya ba kowa aro.

Aikin nan shi na iya. Da shi aka san ni, da shi nake taƙama a gaban surukaina cewa ni ma a jami'a nake. An riga an yi min maganar wani sabon bincike da za a fara bayan wannan. Na rubuta kwanan wata na shekara goma sha biyar baya, na rubuta abin da na ce wa yarinya 'yar shekara shida, yadda ita ta faɗa min, don nata ya fi nawa inganci. Wurin da aka ce dalili, na rubuta: don kada a kore ni.

Da safiyar Alhamis na kai wa Farfesa. Ya karanta sau biyu a tsaye, sannan ya zauna. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi, amma bai ba ni wannan jin daɗin ba. Ya juya ya kalli layin zinaren nan nasa, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni yara nawa na yi wa haka. Na ce ita kaɗai na sani, amma ita ɗin ma ai ban sani ba sai jiya. Ya ce ya nuna layin nan a gaban mutane ya fi sau hamsin. Ya ce akwai wata mata a wani taro da ta taɓa tambayarsa ko ba ya ganin layin ya cika miƙewa, shi kuma ya yi mata dariya. Ya danna wani abu, layin ya ɓace, sauran layukan suka rage a ƙasa, karkatattu, masu hawa da sauka. Ya sa hannu a fom ɗin bai kalle ni ba, ya ce in miƙa kwamfutar hannu ga Ƙa'ida kafin in tashi.

Ƙarfe uku da rabi sunanta ya shiga wurin likita. Ƙa'ida ya kira ni ya nuna min, ya ce saura minti talatin, kamar wanda ya ci gasa.

Sati biyu bayan nan aka ba ta rana. Goggo ba ta iya doguwar tafiya, ni kuwa yanzu ba abin da nake da shi sai lokaci, saboda haka ni na raka ta. Sai da na yi da gaske kafin ta bar jakar nan a gida. Asibitin yana da dogon baranda da benci na ƙarfe, irin mai sanyin nan da ke kama cinya. Muka zauna muna kallon ƙofa mai lamba huɗu. Ta yi kwalliya tsaf, ta haɗa gwiwoyi, ta ɗora hannuwa a kai, zaman da take min duk bayan shekara uku. Na ce ta saki jikinta, ba jarrabawa ba ce. Ta ce to, ba ta kuma saki ba.

Ma'aikaciya ta leƙo ta kira ta. Ta miƙe, ta yi taku biyu, ta dawo ta sunkuyo kusa da kunnena.

“Anti, me zan ce mata?”

Ku ji fa. Kuma wallahi amsa ta zo min har bakin leɓe. Na san abin da ya kamata ta faɗa, na san yadda za ta jera shi, bulo da takalmi da kofi, don likita ta gane da wuri. Minti ɗaya ya ishe ni in shirya ta tsaf. Na cije leɓena har sai da na ji zafi.

“Ban sani ba,” na ce.

Ta tsaya tana kallona, tana jira ko zan ƙara wani abu. Ma'aikaciyar ta sake kiranta.

“In na yi kuka fa?”

“Ina nan kan bencin nan.”

Ta shiga, aka rufe ƙofa. Na zauna ina jin haushin bencin, da fankar da ke juyi ba iska, da wani mutum a gefena da ke cin gyaɗa yana zubar da ɓawo a ƙasa. Ba na jin komai daga ciki. Minti goma, minti ashirin. Na ce a raina shi ke nan, tana can tana jera wa baiwar Allah sosai, sosai, na zubar da aikina a banza.

Wajen minti talatin ƙofar ta buɗe. Ma'aikaciyar ta fito da sauri ta shiga ofishin da ke kusa, ta fito riƙe da sabon kwalin tishu tana ɓare ledarsa. Da za ta koma ta tsaya ta tambaye ni ko ni ce na kawo ta, ta ce za a daɗe fa, in ina da abin yi in je in dawo.

Na ce mata ba inda za ni. Na cire takalmina, na gyara zama.